Sanarwar da Ta Riga Taro Isowa

Lahadi, 11 ga Mayu

Na iso. Har yanzu ban yarda ni ce a nan ba. Shekara goma sha biyu ina auna tashin kogi da saukarsa, ba wanda ya taɓa neman ra'ayina, sai ga Darakta ya kwanta asibiti an turo ni taron shugabannin ƙasashe tara da kogin ya ratsa. Buƙatarmu ɗaya ce: ƙasar da ke sama ta riƙa sanar da mu kwana uku kafin ta buɗe madatsar ruwanta.

Yaya ne ya kai ni tasha. Tunda ambaliyar bara ta tafi da matarsa bai cika magana ba. Ya ce kawai, "Auta, ki faɗa musu yadda aka yi."

Litinin, 12 ga Mayu

Na shiga ɗakin buga takardu in kwafi jadawalina, na tarar da tulin takardu a kan inji. Sanarwar bayan taro ce. Kwanan watan Alhamis ne a jiki. Wai "bayan doguwar tattaunawa, shugabannin sun amince." Wace tattaunawa? Ko jirginsu bai sauka ba.

Na ruga da ita wurin Jakada, shugaban tawagarmu, a zatona asiri na tono. Ya ɗago tabarau ya yi murmushi, ya ce tun watan jiya aka gama ta, haka ake yi ko'ina, waƙafi kawai ya rage a gyara. Na ce, ranka ya daɗe, to me ya kawo mu? Ya ce in je in ci abinci.

Buƙatarmu ta kwana uku ba ta ciki. Sau biyu na duba.

Talata, 13 ga Mayu

Jawabi tara. Kowa ya karanta nasa ya fice kafin na gaba ya fara. Na ƙarshe kujeru ya yi wa jawabi, da ni, da masu fassara.

Laraba, 14 ga Mayu

Jakada ya yi ƙoƙari, kar in ci haƙƙinsa. Ya nemi a saka jimlarmu. Awa huɗu ana ja-in-ja a kan kalmar "dole". Aka mayar da ita "ya kamata", aka koma "ana fatan". Ina da hotuna, ina da alƙaluma, amma kujerata a layin baya take, na baya kuma ba ya magana.

Da aka fita shan shayi wani dogon mutum daga tawagar ƙasar sama ya tsaya kusa da ni yana kallon jadawalina. Injiniya ne shi ma. 'Yan tawagarsu Dogo suke ce masa. Ya tambayi wace unguwa ce wannan da na zagaye da jan biro. Na ce tamu ce, mutum arba'in da ɗaya muka rasa. Ya ajiye kofinsa.

Ashe shi ne mai kula da ƙofofin madatsar. Ya ce bara, kwana biyar kafin su buɗe, ya rubuta takardar gargaɗi. Ta tafi ma'aikatarsu, daga can ma'aikatar waje, daga can ofishin jakadanci, ta haɗu da hutun ƙarshen mako. Ta iso hannunmu kwana shida bayan ruwa ya wuce. Ba shi da izinin kiran kowa a wata ƙasa.

"Da ina da lambarki," ya ce, bai ƙarasa ba.

Tun bara nake tsine wa mutumin da ya buɗe ƙofar nan. Na ɗauka mugu ne. Ga shi a gabana da biro a aljihu irin nawa. Na shiga banɗaki na daɗe. Da na fito yana nan tsaye, na rubuta masa lambar a bayan katin cin abinci.

Alhamis, 15 ga Mayu

An jera alƙaluman sa hannu, masu hoto sun shirya, sai wata tsohuwar minista da ta wakilci mafi ƙanƙantar ƙasa ta ɗaga hannu. Masu fassara Gwaggo suke kiranta. Ta ce wannan ne taronta na bakwai, kuma ta zo da sanarwoyi shida na baya, duk wanda ya iya bambanta su da ta yau za ta ba shi kujerarta. Aka yi dariyar yaƙe.

Ta ce a daina jawabai, kowa ya aiko nasa a rubuce. A rufe ƙofa shugabanni su zauna da ma'aikatan da ke taɓa ruwan da hannunsu. Kowane alƙawari a sa masa sunan mai cikawa da rana. Taron gaba kuma a buɗe shi da karanta abin da ba a cika ba.

Tana cikin magana aka kashe mata makirufo. Wai lokaci ya ƙure. A gaban idona. Ta ci gaba da muryarta, mu na baya mun ji ta sarai.

Aka ce za a kafa kwamiti ya duba shawararta. Aka sa hannu. Ita ma ta sa, wannan ya fi komai ɗaure min kai. Na tare ta a matakala na tambaye ta dalili, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Ta ce, "'Yata, in na fita, wa zai dame su baɗi?"

Asabar, 17 ga Mayu

Yaya ya tambaya ko na faɗa musu. Na ce ba a ba ni dama ba. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da gyaran kekensa. Gara ya zage ni.

Ba zan sake taka irin wurin nan ba.

Talata, 26 ga Agusta

Ƙarfe goma na safe ina ofis, baƙuwar lamba ta kira ni. Dogo ne. Ya ce ranar Juma'a da hantsi za su buɗe ƙofa huɗu, kuma in an tambaye ni, bai kira ni ba. Na kira masu unguwanni, na kira gidan rediyo, na kira Yaya. Ban jira sa hannun kowa ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Ruwa ya ci gidaje sama da ɗari biyu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Yaya da kansa ya riƙa kwashe tsofaffi a amalanke.

Darakta ya ba ni takardar tuhuma: in bayyana inda na samu labari da wanda ya ba ni izinin yaɗawa. Na rubuta cewa ƙwarewa ce. Dogo kuma an ɗauke shi daga madatsar an mayar da shi ɗakin ajiyar fayiloli. Shi da kansa ya turo min saƙo ya faɗa min.

Jakada ya kira da rana. Kwamitin Gwaggo zai zauna watan gobe, ta dage sai an sa ma'aikatan ruwa a layin gaba, kuma ta ambaci "yarinyar nan mara gaisuwa". Na ce masa ɓata lokaci ne, shi ma ya sani. Ya ce ya sani.

Ban ce zan je ba. Na dai tambayi Inna ko za ta riƙe min yara kwana biyar.