Damina Guda Muna Noman Gonar da Ba a Shuka Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban hukumarmu ta wasan hoki, Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da ma'aikatan biro, wato ofishinku, baki ɗaya. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Garba, nan Dumega ana ce mini Mushe Garba, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Malamin wasanni ne ni a kwaleji, kuma ni ne wanda sakatarenka yake ce wa "wakilinmu na Arewa" in ya kira waya, ko da yake ban san ranar da anka naɗa ni ba. Sau ɗaya munka taɓa haɗuwa da kai, a Dosso, ranar da anka rufe horon da kunka ba malaman wasanni. Ka miƙa mini buhun sanduna da ƙwallaye, anka ɗauke mu hoto. Ba na tsammanin ka tuna fuskata, kuma ban ga laifinka ba.

Na kira waya har na gaji, na aika saƙon murya har na gaji. Na kawo maganar gaban jama'a ne don abin da zan faɗa a idon jama'a ya faru, duk mai wucewa kasuwa ya gan shi. Magana ce ta gonar wani dattijo, kuma hadari ya fara haɗuwa ta gabas, don haka ba ni da lokacin kwana-kwana.

Na farko, bari in gaya maka yadda munka samu wurin wasa, don na lura a biro ba a sani ba.

Da na dawo daga Dosso da buhun nan, yara ba su ba ni wahala ba. Ai mu nan tun muna ƙanana muke bugun ƙwallon goriba da lanƙwasasshen icce, abin yana cikin hannu. Maza da mata sunka kama, har iyaye sunka yarda bayan mun daidaita kan dogon wando da ɗankwali. Matsalar ita ce harabar lakwal ɗinmu, wato makarantar, rairayi ce zalla. Ka bugi ƙwallo ta yi taku biyu ta nutse, yaro ya yi ta tonon ƙasa kamar mai haƙar gujiya.

Bayan katangar lakwal akwai gonar Baba Ɗan-Tani, dattijo ne da ya ba saba'in baya. Ƙasar gonar tana da ɗan laka, in ta bushe sai ta yi tauri, ƙwallo ta gudu yadda ake so. Na tafi da goro na roƙe shi aro. Ya yi dariya ya ce ashe wasan goriba ne ya koma boko, ya ce mu ɗauka. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma sharaɗin kowa ne a ƙasar nan. In an girbe hatsi, makiyaya su fara shiga da shanunsu su ci kara su bar taki. In sun tashi, gona tamu ce rani duka. Ranar da ruwan shuka ya sauka, mu tuge turakunmu mu ba shi wurinsa. Haka munka yi shekaru, ba takarda, ba shaida, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Na biyu, abin da kunka sa ni na yi.

Bara kafin damina sakatarenka ya kira ni. Ya ce baƙi za su zo daga waje, waɗanda suke ba hukuma tallafi, suna so su ga wuraren wasa na jihohi da idonsu. Duk garin da yake da fili na dindindin za a yi wa ƙungiyarsa rajista, a daidaita masa ƙasa, a kawo raga da kayan mai tsaron gida. Amma dole su tarar da fili a share, da layuka, ba gona ba. Na tambaye shi yaushe za su zo. Ya ce cikin babban hutu, lokacin da yara ba su da karatu, kowa yana da sarari.

Ranka ya daɗe, babban hutun da kuke gani sarari a Yamai shi ne daminarmu. Ba a sallami yara daga lakwal don su huta ba, gona ce take jiransu. Na faɗa wa sakatarenka haka. Ya ce shi dai umarni ya isar, kuma dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu.

Ka san abin da ake nufi da a ce wa manomin Arewa ya bar gonarsa ba shuka, ƙafarsa lafiya, hannunsa lafiya, iri yana cikin rumbu? Ni ɗan manomi ne, na sani, kuma duk da haka na tafi. Na zauna gaban Baba Ɗan-Tani na maimaita abin da anka gaya mini. Ya tambaye ni abu guda, ko ni na tabbata mutanen za su zo. Na ce masa shugabanmu da kansa ya ba da umarnin, kuma shugaba ba ya magana biyu. Ya ce to, tunda Mushe ya faɗa. Ɗansa Sani, wanda shi ke riƙe da noman gidan, ya tashi ya bar wurin bai yi mini sallama ba.

Ruwa ya sauka, gari duka ya fita shuka, gonar Baba tana kwance. Amma ƙasa ba ta san da zuwan baƙi ba, ciyawa ta taso. Sai ga mu, ni da ƴan wasana, duk yamma bayan sun dawo daga gonakin iyayensu a gajiye, mun ɗauki hauya muna noman gonar da ba a shuka komai a cikinta ba. Mu nome, mu zuba toka mu ja layi, ruwa ya wanke, mu sake. Masu wucewa su tsaya su ce, sannu da aiki Mushe, Allah ya ba da amfani. Wasu da zuciya ɗaya suke faɗa, wasu kuwa ka san inda sunka nufa. Tsofaffin mata a bakin rijiya sunka fara cewa doguwa ce ta hana Baba gonarsa. Wasu sunka ce ya sayar wa gwamnati ya ɓoye kuɗin. Dattijon da bai taɓa shiga bakin duniya ba, ni na jefa shi.

Duk lokacin da na kira, amsar ɗaya ce. Mako mai zuwa. Motar tana gareji. Baƙin sun ɗaga tafiya. Sakatarenka ya ce in aiko hotunan filin kafin nan, na aiko. Hatsin maƙwabta ya yi tsawo ya kewaye mu ta ko'ina, don damina ta yi kyau bara irin wadda anka daɗe ba a gani ba, mu kuma muna tsakiya da farin fili da turaku huɗu.

Ana gab da girbi wani abokina malami a Dutsi ya turo mini hoto a waya. Baƙi sun zo ashe, har sun koma. An yi taro a otel a Yamai, an kai su wani fili nan cikin birni, an ci an sha. Bayan teburin da kake zaune akwai babban ƙyalle da anka buga hotuna a kai, kuma na tsakiya filinmu ne. Na gane turakun da hannuna ya kafa, na gane gawon da ke gefen gonar Baba.

Ban ce an ci kuɗi ba, don ban gani ba, kuma ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Na san riƙon hukumar wasan da ba kowa ya san shi ba wahala ce, na san kuna bin ofisoshi kuna roƙo kamar yadda muke roƙonku. Abin da na ce shi ne gonar Baba Ɗan-Tani ta je taro a Yamai ta yi muku aiki, shi kuma mai gonar ko gaisuwa ba a aiko masa ba.

Na uku, abin da ya biyo baya, wanda ba ya fitowa a hoto.

Gonar nan ita ke cika wa gidan rabin rumbu. Da kaka ta yi, kowa yana jidar damma, su sai abin da sunka samu a ƴar gonarsu ta daji. Makiyayan da sunka saba sauka wurin sun zo, sunka ga ba kara ba harawa, sunka wuce gonar gaba da takinsu. Ka ga asarar ta zama biyu, an rasa hatsin bara, an kuma rage ƙarfin na bana. Tun sanyi bai fita ba gidan ya koma awo a kasuwa. Sani, wanda bai taɓa tafiya cin rani ba tunda anka haife shi, ya ɗaure kaya ya ƙetare iyaka neman abin da zai aiko. Ya bar mata da ciki, ta haihu ba ya nan, Baba ne ya tsaya ga suna.

Da a ce dattijon nan ya zage ni, wallahi da na samu sauƙi. Bai taɓa ba. In mun haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna ya ce, Mushe, baƙin naku sun kusa? Ba gatse yake yi ba, da gaske yake tambaya. Na kai masa abin da albashin malami zai iya, ya karɓa sau ɗaya don kada in ji kunya, na biyun ya mayar mini. Na canza hanyar zuwa lakwal don kada in bi ta ƙofar gidansa. Na gaji, ranka ya daɗe, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Na huɗu, dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Makon jiya sakatarenka ya sake kira, da murya mai daɗi kamar ba abin da ya faru. Ya ce bana kam da gaske ne, baƙi za su fita jihohi cikin babban hutu, in tabbatar fili yana nan a share. Na ce masa na ji, na kashe waya. Ban gaya wa kowa ba sai darektan lakwal ɗinmu, amma ka san gari, magana ba ta kwana wuri ɗaya.

Shekaranjiya da safe ina ƙofar gida sai ga Baba yana dogara sanda. Shi da ya kamata in je wa, shi ya zo mini. Ya ce ya ji an sake kira. Ya ce ya san ni ne a tsakiya, kuma in manyana sun zo sun tarar da hatsi, ni za a kunyata. In dai haka ne, ya ce, a bar gonar bana ma, Allah ba ya hana bawansa abinci. Na rasa inda zan sa idona. Na ce masa a'a, Baba, bana gonarka za ta ga iri.

Don haka ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne.

Ɗaya, wani daga cikinku ya tako Dumega ya gaishe da dattijon nan, ya faɗa masa da bakinsa cewa ba Mushe Garba ne ya ƙirƙiri maganar baƙi ba. In kun ga dama ku riƙo masa wani abu a madadin hatsinsa, wannan tsakaninku da Allah ne. Amma ku zo.

Biyu, in da gaske kuna son fili na dindindin a Arewa, ku zauna da magajin gari da maigari a yanka wuri cikin fakon da ba a nomawa. Akwai shi, ni zan nuna muku. Kada ku sake gina hukuma a kan gonar aro.

Uku, duk wata ziyara ko gasa da za ku shirya mana, ku sa ta tsakanin kaka da bazara. In ba wanda ya san lokacin shuka a biro, ku tambayi mai gadin ƙofa, ba mamaki ɗan ƙauye ne.

Huɗu, ku sauke hoton nan daga ƙyallenku har sai kun nemi izinin mai gonar.

Wasan ba zan bar shi ba, yaran suna sonsa, ni ma ina sonsa. In an girbe, makiyaya sun tashi, za mu koma da goro mu sake roƙon aro kamar da, in har ya ga muna da sauran fuskar roƙo. Amma ina sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na yi ba da sani ba. Jiya mun tuge turaku mun jingine su a bayan aji. Sani bai dawo ba, Baba kuma ba shi da ƙarfin sungumi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ni da ƴan wasana za mu shiga gonar tun da safe, maza suna sara, mata suna zuba iri, har mu kai bakin gawo. In baƙinku sun zo cikin hutu, ku kawo su, za su tarar da hatsi. Ku ce musu nan ne wurin da ke cikin hoton, ga kuma mai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka mashawarta na gari, ya sa ka gama da hukumar nan lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, mu da ku.

Wassalam.

Naka,
Mushe Garba, malamin wasanni,
Dumega.