Oba-oba biyu da ke cikin gwangwanin madara

Da sunan Allah. Ni Ya'akubu mai gyaran rediyo, mutumin Bichi, mazaunin Yerwa shekara talatin da huɗu, ina rubuta wannan hankalina garau. Ƙafafu ne suka kumbura, kai lafiyarsa lau. Zuwa gare ku Garzali, Umar Faruk da Raudatu.

Na ɗaya. A binne ni a nan. Kada wani ya ɗora gawata a mota. 'Yan'uwan da suka kasa zuwa ta'aziyyar mahaifiyarku saboda tsoron hanya, ba zan wahalar da su ba. Ban riƙe su ba, amma ban manta ba.

Na biyu. Gida da shago malamai su raba muku yadda shari'a ta ce. Raudatu, littafin da nake rubuta duk wanda muka yi magana da shi ta iska a rediyo yana hannunki. Kada a ƙunshe ƙosai da shi.

Na uku, oba-oba ɗina guda biyu, rediyon maganan nan na hannu. Magaji ba a yi masa wasiyya, don haka kyauta na bayar tun ina numfashi: mai tsagaggen gilashi ta Garzali, ɗayar ta Umar Faruk. Raudatu za ta kai muku wannan makon. Lasisina na magana a rediyo da lambar kirana tare za mu tafi, ba a gadonsu. Ku je wurin abokina Yoila, malamin makarantar nan da muka koyi wannan sha'awa tare, ya shirya ku ku nemi naku.

Na huɗu. Wannan na tashi na zauna ya fi sau biyar kafin in rubuta.

Kun tuna shekarar da aka yanke layin waya a garin nan, lokacin da ganin rediyon magana a hannun mutum ya isa ya jawo masa bala'i. Na kwance wa oba-oban nan biyu eriya, na sa su a gwangwanin madara, na binne a gindin darbejiya. Ranar da na tono su, Umar Faruk ya ga Garzali riƙe da ɗaya yana danna ta, ya zo ya gaya mini. Na duba, ta ƙone. Duk wanda ya san abin nan ya san ba a danna maɓallin magana babu eriya, ƙarfin wutar komawa ciki yake yi ya cinye ta. Na mari Garzali a gaban abokansa, na ce hannunsa ba ya taɓa abu ya yi albarka. Shi kuma ya kira ƙaninsa munafuki, ya kwashe kayansa ya koma unguwar Maisandari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ko sallar idi ba ku tsaya sahu ɗaya ba.

Ni na ƙona ta. Tun da hantsi, kafin kowa ya shigo, ɗoki ya kwashe ni, na danna ina ta kiran Yoila, na manta eriyar tana aljihuna. Sai da na ji ƙauri. Na ajiye ta a kan benci na yi shiru. Mutumin da ake kawo wa gyara daga Zabarmari, ya yi kuskuren ɗan koyo! Kunyar nan ce ta fi ƙarfina. Garzali, matacciya ka ɗauka. Umar Faruk, abin da idonka ya gani ka faɗa, ba ka yi ƙarya ba. Na gyara rediyon cikin wata biyu, ku kuwa na bar ku haka. Ku yafe mini.

Na biyar. Kada a sayar, kada ɗaya ya haɗa biyun. Guda ɗaya ba ta da amfani in ba mai amsawa. Na gwada da Yoila: daga saman shagona zuwa Maisandari murya tana kaiwa, in an hau sama an miƙe eriya. Dukansu na saita su a tasha ɗaya. Kowace Asabar bayan la'asar ku kunna. Garzali, kai ne babba, kai za ka fara kira. In ka gama ka saki maɓallin, don muddin kana danne da shi ba za ka ji ɗan'uwanka ba. Na san halinka, nawa ne.

Raudatu, ke kika yi ta kai tuwo gida biyu ba ki gaji ba. Allah ya ba ki masu yi miki. Allah ya yi muku albarka duka, ya raya zuriyarku, ya sa ku riƙe juna.

Lasisina bai mutu ba tukuna, kuma Yoila ya ara mini tasa oba-obar. Asabar mai zuwa tana kusa da matashina a kunne.