Takun Auta

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya idon? Mama, na san ke ce mai karanta masa, to ki ɗaga murya, kada ki tsallake komai.

Sansanin horo lafiya lau, sai kewar gida da ke nuƙurƙusata. An raba mana sabon takalmin gudu. Baba, da ma ka taɓa shi! Ƙasansa soso ne mai kauri, da wani siririn faranti a ciki, kana takawa yana cilla ka gaba.

Ga babban albishir: na daina sauka da diddige. Ka tuna yadda kake tsayawa bakin hanya kana cewa gudu nake kamar mai kakkaɓe tabarma? To yanzu a kan yatsu nake sauka, irin naka na da, ko kyanwa ba ta fi ni shiru ba. Koci ya ce in bi a hankali, amma gasar zaɓe ta ƙarato. In na ci, za ka ji sunana a rediyo.

Taku har kullum,
Auta

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa da sa albarka, takardarki ta iso. Na yi murna da kika gyara taku, ko da yake sai da kika yi nisa kika ji maganata. A zamaninmu takalmi ba ya yi wa mutum gudu, shi ya sa ban yarda da wannan mai cilla mutane ba. Ki bi maganar kocinki, sauri kan haifi nawa. Idona da sauƙi, kada ki sa damuwa a ranki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Auta, ni ce Mama, na ƙara wannan bai sani ba. Babu wani sauƙi, jiya ya gaida labule yana zaton maƙwabcinmu ne. Ya sa na sayo wa rediyo sabon batir, ya kuma hana kowa kunna shi sai ranar gasarki. Ko labarai ba na ji yanzu, duk ta dalilinki.

*

Mama,

Ina gaishe ki. Wannan taki ce ke kaɗai, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Agarar ƙafata ta dama ta kumbura. Da safe in na sauko daga gado sai na dafa bango. Likitar sansani ta ce laifin ba na takalmin kaɗai ba ne. Na canja taku farat ɗaya, nauyin da diddige ya saba ɗauka duk ya koma kan agara, ga shi laushin soson ya ruɗe ni na yi ta ƙara nisa. Ta ce in na huta zan warke, in kuwa na shiga gasar, agarar na iya tsinkewa, gudu kuma sai dai in ga ana yi.

Amma zan shiga, Mama. Ido ya tafi, kunne ne ya rage masa. Me zan ba shi in ba sunana a rediyo ba? Wallahi ina kewarsa, har faɗansa nake kewa. Don Allah kada ki gaya masa.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Ina amsawa, amma raina a ɓace yake. Kin gaji ubanki a taurin kai, ba ki bar masa ko kaɗan ba.

Ban iya ɓoyewa ba. Ya ji na yaga ambulan ban fara karanta masa ba, sai ya ce, "Karanta, ai na ji numfashinki ya canja." Na karanta. Shayinsa ma a nan ya huce.

Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Tun da kika tafi, kullum da sassafe yakan ja kujera bakin taga yana sauraron masu motsa jiki da ke wucewa. Sai ya ce, "Wannan jan ƙafa yake. Wannan sabon takalmi gare shi, ba ya ƙara." Ranar nan wata ta wuce tana faf-faf da diddige, ya miƙe zumbur har ya ture kofi. Da ta yi nisa ya koma ya zauna, ya ce, "Ba ita ba ce, a takun Auta ƙafar hagu ta fi nauyi." Wannan takun da ya yi shekaru yana yi miki faɗa a kansa, shi yake jira kullum.

Ya karɓe biron daga hannuna. Allah ya ba ki lafiya.

Mamanki

*

Auta,

Da hannuna nake rubutawa, in layin ya karkace ki yi haƙuri. Kada ki shiga gasar nan, akwai wata baɗi. Na ba uwarki rediyon ta ji labaranta.

Tsohon takalminki na nan bayan ƙofa. Ki taho gida, ko da ɗingishi ne. Zan gane ki tun daga kwanar layi.

Babanki