Daɓen Bayan Gida

Filinge, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Ibrah,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Jummai da yara. Mu nan sai godiya. Na rubuto da hannu ne saboda in na yi magana a waya Baba yana jin komai. Ƙafa ce ta shanye, kunne kam garau.

Na samu saƙonka cewa ƙarshen Disamba za ka aiko mota a kai shi Yamai. Yaya, tun ranar da ya ji bai ƙara cin tuwo ya ƙoshi ba. Mutumin da ya shekara saba'in a nan ƙasarmu ta Kurfai, ka kai shi bene ka rufe? Likita ya ce ƙafar tana iya dawowa in yana takawa kullum, amma ka san gidanmu, rairayi har idon sawu. Sanda nutsewa take yi, sau biyu yana faɗuwa.

To, ranar Lahadi na sayar da karsanata. Magini yana yin daɓen siminti a bayan gida, daga ƙofar ɗakin Baba har gindin aduwa, da rumfa a kai. Na san za ka ce na zuba saniya a ƙasa. Faɗi, ai ka saba. Ka dai ba ni zuwa ƙarshen Disamba.

Ƙanwarka,
Hamida

Filinge, 24 ga Nuwamba

Yaya Ibrah,

Bayan gaisuwa, ya jikin Jummai? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na yi tuya na manta da albasa. Daɓe ya bushe, maƙwabta har shigowa kallo suke yi, amma Baba ya ƙi taka shi. Ashe wurin da suke dara da abokansa kullum la'asar na rufe. Baba Musa, abokin karawarsa na shekara arba'in, ya shigo ta ƙofar baya, ya ƙwanƙwasa siminti da sanda, ya tambaye ni ina za a haƙa gurbi. Daga nan duk tsofaffin suka koma dara bakin kasuwa. Ga saniya ta tafi, ga shi na kore wa Baba abokai. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Ka sa mu a addu'a.

Hamida

Filinge, 19 ga Disamba

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka da murna, ina fata takardar nan ta same ku lafiya. Gyara zama ka sha labari.

Na sake kiran magini ya fasa min gwargwadon tabarmar salla a can ƙarshen daɓen, ya cika da rairayi. Ya ce tun da yake ba a taɓa sa shi ya fasa aikinsa ba. Baba ya so a fasa dab da ƙofarsa, na yi kunnen uwar shegu. Sannan na kai wa Baba Musa goro, na roƙe shi ya dawo mana da 'yan dara.

Tsohon nan gwanin tsokana ne. Ya zauna ya haƙa gurbi talatin, yana cin kowa, yana faɗi da ƙarfi cewa darar Tahiru, wato Babanmu, ta bi ƙafarsa, Allah ya jiƙan ta. Kwana biyu Baba yana ji daga ɗaki yana tsaki. A na uku sai na ji ƙwas, ƙwas, sanda a kan siminti. Na taso in riƙe shi, ya harare ni. Taku ashirin da biyu, Yaya, na ƙirga su. Ya isa, ya zauna, ya ci Baba Musa sau uku a jere.

Yanzu kullum sai ya je ya dawo, jiya ma ya manta sandar a can. Likita ya zo ya gani, ya ce a ci gaba haka. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko ba ka faɗa ba na faɗa maka.

Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ga shi yadda ya faɗa: "Ki hwaɗa ma Ibrah ya bar motatai Yamai. In ya zo ganina, ni ka buɗe mai ƙohwa."

A gaida Jummai da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Hamida