Takardar Likitana da Kuka Ƙi Karɓa

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke tantance masu neman tallafin nakasa, Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Lawali. Walda nake yi a Tsafe kafin farfaɗiya ta raba ni da sana'ata. Ranar da ta kayar da ni a kan ƙarfe mai zafi, hannuna na dama ya ƙone har yatsun suka ƙandare. Tun daga nan babu mai kawo mini aiki, kuma ban ga laifin kowa ba. Matata ce ke riƙe da gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli. Na rubuto a bainar jama'a ne domin duk abin da na faɗa a ofishinku bai taɓa wuce teburin magatakarda ba.

Na farko. Likitan da ya daɗe yana duba ni a asibitin gwamnati ya rubuta mini takarda. Ya faɗi sunan ciwon, da maganin da nake sha, da cewa bai kamata in sake aiki kusa da wuta ba. Magatakardanku ya ce babu hatimi. Na koma aka buga. Da na dawo, sai ya ce takardar ta tsufa. Kowa ya san yadda hanyar Tsafe zuwa Gusau take a yanzu, ga shi ba na tafiya ni kaɗai; sai ƙanena ya bar gonarsa ya raka ni.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Da na kawo sabuwar takarda, sai ya ce ta likitan gwamnati ba ta wadatar ba, ya rubuta mini sunan wani asibitin kuɗi. A bencin da muke jira akwai wani dattijo daga Kekun Waje mai guntulalliyar ƙafa, shi ma can aka tura shi. Mutumin da ƙafarsa ba ta nan, wane gwaji ya rage a yi masa?

Na je asibitin. Likitan bai taɓa hannuna ba, bai tambaye ni yaushe rabona da faɗuwa ba. Cewa kawai ya yi in biya kuɗin takarda, wai tasa ba a taɓa dawowa da ita ba. Ina ya samu wannan tabbacin? Na fito ban biya ba.

Ban ce da saninka ake yi ba. Amma idan ba ka sani ba, to ana wani ciniki a ƙofar ofishinka.

Na uku. Da na koma na nuna rashin yarda, magatakarda ya ƙare mini kallo ya ce, “Malam, ga ka nan garau. Mu abin da muka gani muke rubutawa.” Wallahi sai da na yi niyyar daina shan magani don in zo in faɗi a gabansa. Likitana ne ya hana ni, ya ce faɗuwa ɗaya na iya zama ajalina.

Roƙona shi ne a liƙa a bango irin takardar da kuke karɓa, kowa ya karanta. A faɗa mana wanda ya zaɓi wancan asibitin, da dalilinsa. Sannan ka karanta takardata da idonka, ka kira likitan da ya rubuta ta. Idan ƙarya ya yi, a hukunta mu tare. Idan gaskiya ce, kada a jira sai an ga gawata kafin a yarda ba ni da lafiya.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya raba ka da ciwon da sai ka rantse kafin a gaskata ka.

Wassalam.

Lawali Mai Walda,
Tsafe.