Shafi biyun da na kwafo

Zuwa ga aminina Sadiƙu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwancinka. Na san wasiƙar nan ba za ta riske ka ba. Waɗanda suka san mu a Kuala Lumpur ne za su karanta ta, kuma so nake su ji.

Ranar Asabar da la'asar ruwa ya tsare ni a gida, na kunna tsohon fim ɗin 'yan daban Japan ɗin nan da kake tilasta mini kallo, lokacin muna ɗaki ɗaya a unguwar Setapak, kafin in kawo matata Hafsat mu koma Wangsa Maju. Ka tuna mitar da nake yi? Ba launi, fassara tana gudu a ƙasa, ƙarti sun durƙusa sun yi shiru kamar masu zaman makoki. Kai kuwa ka sayo mana shinkafa a mamak, gidan abincin nan na ƙasan bene, ka ƙwace wayata.

Akwai inda 'yan sanda suka kama ɗaya daga wasu aminai biyu a kan laifin ɗayan. Mai laifin yana tsallaken titi, yana gani, ya ɗaga kwalar rigarsa ya ci gaba da tafiya. Ranar da muka kalla tare na zage shi tas. Ka ce, “Ƙyale shi, Nura. Ni shi ya fi ba ni tausayi.” Wannan karon a daidai nan na kashe, na kasa ƙarasawa.

Bayan wancan kallon namu da shekara guda aka kira mu gaban kwamitin jami'a a kan takardar binciken da muka rubuta tare. An gano shafi biyu da aka kwafo daga aikin wani. Ni na kwafo su, Sadiƙu. Lokaci ya ƙure mini, na saka da niyyar in gyara, ban gyara ba. Amma sunanka ne a farko, kuma daga kwamfutarka aka tura.

Shugabar kwamitin ta tambayi wanda ya rubuta sashen. Ka juyo ka dube ni. Na ƙura wa gorar ruwan da ke gabana ido. Hafsat tana da ciki wata bakwai, zamanmu a ƙasar nan kuma ya dogara da karatuna. Abin da nake ta nanata wa kaina ke nan. Kai kuwa ka amsa mata cewa kai ne.

Aka kore ka. Ni na ja maka akwati har tashar jirgin ƙasa. Ka dafa kafaɗata ka ce, “In madam ta sauka lafiya ka sanar da ni.” Ta sauka, aka yi suna, ban sanar da kai ba. Sau uku ka kira ni daga Kano, ina kallon sunanka har wayar ta katse. Kullum sai in ce gobe. Sai saƙo ya zo cewa zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da kai.

Jiya Litinin na kai wa jami'a takarda da hannuna, na rubuta komai. Wataƙila su karɓe digirin da suka ba ni. Daga can na kira Hajiyarka na faɗa mata. Ta ce, “Na san ɗana bai iya sata ba. Na tambaye shi har na gaji, ya ce in bar maganar, akwai mai iyali a ciki.”

Ko ita ba ka gaya wa sunana ba, ɗan'uwana.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya ba Hajiya haƙuri. Ni kuma Allah ya sa ka yafe mini kafin ka tafi, don na makara wajen roƙonka.

Naka, in har na cancanta,
Nura
Wangsa Maju