Ranar da Na Ce wa Uda Mas

Payakumbuh

Uni Marlis,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da kasuwa.

Na baro Semarang na zo gida, domin yayanmu Uda Syafrizal ya faɗo daga rufin masallaci yana gyaran kwano, kansa ya bugu. Ya farfaɗo, yana ci, yana tafiya, amma bai san kowa ba.

Uni, ni yake ce wa Ibu, wato Malama. Na miƙa masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Ibu," kamar wata baƙuwar da ya tarar a ofis. Haka yake ce wa matarsa ma. Mutumin da tun ina goye bai taɓa kirana da komai ba sai Upiak, yadda ake kiran ƙaramar yarinya a gida. Likita ya ce mu jira, bai ce har yaushe ba.

Ki sa shi a addu'a.

Ƙanwarki,
Yusnidar

Johor

Yus,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ko muna lafiya kafin takardarki ta iso.

Kada ki yi kuka a gabansa. Kuma kada ki biye wa ma'aikatan asibiti masu ce masa Bapak, wato Malam, ki ce masa Uda yadda muke kiran yaya a gida, ko bai waiwayo ba. A nan ba a cewa Uda ko Uni, kowane direba Abang ne, kowace mai sayar da kifi Kakak ce, ni ma Kak Lis na koma. Na san yadda mutum yake ji idan aka daɗe ba a kira shi da sunan gida ba.

Ladabin nan nasa ya fi faɗuwar ba ni tsoro. Uda da na gode? Ina neman wadda za ta riƙe mini rumfar abinci in taho.

Ki gaida matarsa.

Uninki

Payakumbuh

Uni,

Assalamu alaikum. Ki zauna kafin ki karanta.

Jiya ina ba shi shinkafa, ya ture kwanon. Na gaji, bakina ya suɓuce na ce, "Haba Mas, ka ci mana," yadda nake ce wa mijina da yayyensa a Jawa.

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe.

"Wane ne Mas?"

Ina riƙe da cokali, ya ƙara da cewa:

"Don kin auri Bajawe sai ki mayar da ni Bajawe? Upiak, ni ne Mas?"

Cokali ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Yi haƙuri, Uda." Ya ce haƙurin me, in ɗauke wannan shinkafar marar yaji in kawo abincin mutane. Matarsa ta shigo, ya kira sunanta, ya tambaye ta kukan me take yi. Har yanzu bai tuna faɗuwar ba, kuma yana saurin gajiya. Amma ya tambaya ina mai bakin nan ta Johor.

Alhamdu lillahi.

Yusnidar

Johor

Yus,

Wa alaikumus salam. Ban zauna ba, a tsaye na karanta gaban murhu, har tukunya ta ƙone. Masu cin abinci sun ga ina dariya ina share hawaye, ba wanda ya tambaya.

Ina tafe a jirgin ruwan Asabar. Ki ce wa Uda mai bakin tana zuwa, ya tanadi kunnuwansa. Kafin nan ki ɓoye tsani.

Uninki